Adashin da Ya Kai Turai Sama

Idan mutum ya tsaya a bakin teku a Tema ya fuskanci kudu, ba abin da zai gani sai ruwa da jiragen dakon kaya masu jiran shiga tasha. Amma da zai yi tafiyar kimanin kilomita 600 a kan wannan ruwa, sa'annan ya ɗaga kai, da ya tsinci kansa daidai ƙarƙashin wani ido da ba ya ƙiftawa. A can sama, nisan kusan kilomita 36,000, akwai tauraron ɗan adam mai suna Meteosat. Yana zagaya duniya da saurin da ya yi daidai da juyawarta, saboda haka ga wanda ke ƙasa kullum yana wuri guda, kamar an kafa shi da ƙusa. Duk bayan minti 10 yakan ɗauki hoton fuskar duniyar da ke gabansa ya aiko. A tsakiyar wannan hoto Afirka ce ta baje. Turai da ta biya kuɗinsa tana can gefen sama a karkace. Hadarin da ya haɗu a gabas ya nufo Marwa, da ƙurar hunturu da ta taso daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi za ta lulluɓe Tamale, duk yana ganinsu tun kafin mu ji iskarsu a jiki.

Wannan ido ba shi ya kai kansa can ba. Ranar 13 ga Disamba 2022 wata roka mai suna Ariane 5 ta ɗaga shi daga Kourou, a Giyana ta Faransa da ke Kudancin Amurka. Shi ne sabon jini a zuriyar taurarin Meteosat da aka fara harbawa tun 1977. Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, wadda ake taƙaita sunanta da ESA, ita ce ke jagorantar ƙera su, wata ƙungiyar Turai mai suna EUMETSAT kuma ta tafiyar da su. Ma'aikatan hasashen yanayi na ƙasashenmu sun dogara ƙwarai da hotunansu. Wato duk sa'ad da rediyo ta ce mana gobe a yi hattara da ruwa mai iska, akwai hannun wannan tauraro a cikin maganar. Don haka labarin rokokin Turai ya shafe mu, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Duk lokacin da irin wannan labari ya ɓullo, kamar ranar 9 ga Yuli 2024 da sabuwar rokar Ariane 6 ta yi tashin farko, mukan rabu gida biyu a majalisu da shafukan sada zumunta. Wasu su saki baki suna kallon wuta da hayaƙi, su ce ai Bature aljani ne, mu ba mu da rabo a wannan fage. Wasu kuma su ja tsaki, su ce ana fama da yunwa a doron ƙasa wasu na ƙona dukiya a sama. A ganinmu duka ɓangarorin biyu sun tsaya kallon wutar, sun bar ainihin abin da ya kamata a duba. Abin dubawa shi ne yadda ƙasashe fiye da 20, masu harsuna daban-daban, waɗanda kakanninsu suka kashe juna a yaƙe-yaƙen duniya biyu, suka zauna suka ƙulla adashi, suka kuma riƙe shi shekara 50 bai watse ba. Mu mutanen zango, da muka san adashi tun daga ɗakunan iyayenmu mata, ko mu ce masa susu a Gana ko tontin a Kamaru da Cadi, mu ya fi cancanta mu gane wannan darasi.

Farkon tafiyar ba ta da daɗin ji. A shekarun 1960 wasu ƙasashen Turai suka yi niyyar ƙera roka ɗaya mai suna Europa. Birtaniya ta ɗauki hawan farko, Faransa na biyu, Jamus na uku, Italiya ta ɗauki tauraron gwaji. Kowa ya koma gida ya ɗinka nasa ɓangaren rigar, amma ba a naɗa telan da zai haɗa ba. Sakamakon haka rokar ba ta taɓa kai ko tauraro ɗaya falaki ba, kuma gwajin ƙarshe da aka yi a watan Nuwamba 1971 ya tarwatse 'yan mintuna bayan tashi. Ana cikin wannan kunya sai ga wata. Faransa da Jamus sun ƙera taurarin sadarwa guda biyu masu suna Symphonie, ba su kuwa da abin ɗaga su. Da suka nemi Amurka, sai ta yarda, amma bisa sharaɗin ba za a yi kasuwanci da su ba, gwaji kawai. Haka aka harba su a 1974 da 1975 a kan rokar Amurka. A nan Turawa suka ɗanɗani abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa, cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Daga wannan ɗaci aka haifi ESA. Ƙasashe 10 suka sa hannu kan yarjejeniyarta a Paris ranar 30 ga Mayu 1975, yau kuma mambobinta 23 ne, har da Birtaniya da Suwizalan da Norwe waɗanda ba sa cikin Tarayyar Turai. A wannan karo aka gyara kuskuren baya: aikin roka aka ɗora shi a wuyan jagora guda, wato hukumar sararin samaniya ta Faransa, sauran suka zuba kuɗi da sassa. Ranar 24 ga Disamba 1979 Ariane ta farko ta tashi lafiya daga Kourou. Zaɓen wurin ma da dalili. Kourou na kusa da layin da ya raba duniya biyu, kusan daidai da inda Akra take ta fuskar nisa daga layin, kuma a kan wannan layi ƙasa na juyawa gabas da gudun kimanin kilomita 1,670 a awa. Rokar da ta tashi ta nufi gabas daga can takan sami wannan gudu kyauta, ga kuma teku a gabanta inda tarkace za su faɗa ba tare da sun taɓa kowa ba. Kafin Kourou kuwa, a ƙasar Afirka Faransa ta koyi harbi: tauraronta na farko, Astérix, daga Hammaguir a hamadar Aljeriya ya tashi a watan Nuwamba 1965.

Yaya adashin yake tafiya? Zubi iri biyu ne. Akwai na dole, wanda kowace ƙasa ke bayarwa gwargwadon ƙarfin tattalin arzikinta, shi ne ke ɗaukar nauyin binciken kimiyya da gudanar da hukumar. Akwai kuma na ganin dama, kamar na roka ko na taurarin duba ƙasa, inda kowa ke zuba abin da ya ga zai iya. Sirrin da ya hana adashin watsewa shi ne ƙa'idar ɗauka: duk abin da ƙasa ta zuba, kusan kwatankwacinsa zai koma mata ta hanyar kwangilar da za a ba kamfanoni da jami'o'inta. Ƙaramar ƙasa irin Beljiyam ko Fotugal ba ta jin cewa tana ciyar da Faransa ne, domin kuɗinta na dawowa ya zama albashin injiniyoyinta. Da wannan dabara aka tara kasafin da ya haura Yuro biliyan 7 a shekara. Bai kai ko rabin na hukumar NASA ta Amurka ba, amma babu wata ƙasar Turai da za ta iya fitar da shi ita kaɗai ta jure. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abu na biyu bayan zubi shi ne haƙuri, wanda a ganinmu ya fi kuɗin wuyar samu. Ranar 4 ga Yuni 1996 Ariane 5 ta yi tashin farko ɗauke da taurarin bincike huɗu. Ba ta cika daƙiƙa 40 a sama ba ta kauce hanya ta fashe, saboda kuskure a manhajar kwamfutar da aka gado daga tsohuwar roka ba tare da an gwada ta da kyau ba. Ba a ɓoye dalilin ba, an kafa kwamiti ya bayyana shi ga duniya, har ya zama darasin da ake koyar da ɗaliban kwamfuta. Aka sake ƙera taurarin huɗu aka harba su a 2000. Ita kuwa rokar da ta fara da fashewa, ta yi tashi 117 kafin ta yi ritaya, kuma ita aka amince wa ta ɗauki madubin hangen nesa na James Webb, mafi tsada a tarihi, ranar 25 ga Disamba 2021.

Ko mu ɗauki kumbon Rosetta. An amince da aikinsa a 1993, aka harba shi a watan Maris 2004, ya yi shekara 10 yana bin sawun wani tauraro mai wutsiya. A tsakiyar tafiya, da ya yi nisa da rana har wutarsa ta yi ƙaranci, sai aka sa shi barci na fiye da shekara biyu da rabi, masu aikin suna zaune ba su da tabbacin zai farka. Ya farka a watan Janairu 2014. Ranar 12 ga Nuwamba na shekarar ya saki wani ɗan ƙaramin na'ura mai suna Philae, wanda ya zama abu na farko da ɗan adam ya taɓa saukarwa a kan tauraro mai wutsiya. Saukar ma ba ta zo yadda aka so ba: ƙugiyoyin da za su riƙe shi ba su yi aiki ba, ya yi tsalle ya faɗa inuwar wani dutse, ya yi aikin kwana biyu da 'yan awoyi batirinsa ya ƙare. Duk da haka abin da aka samo, musamman game da irin ruwan da ke jikin tauraron da sinadaran da ke da alaƙa da ginin rayuwa, har yau ana nazarinsa. Wanda ya shiga wannan aiki yana saurayi, da furfura ya ga ƙarshensa. Gwamnatoci nawa aka canja a ƙasashen Turai tsakanin 1993 da 2014? Ba wadda ta zo ta ce aikin na waɗanda ta kayar ne, a soke shi.

Yanzu haka wani kumbon yana kan hanya. Sunansa JUICE, ya tashi ranar 14 ga Afrilu 2023, ya nufi Mushtari, babbar duniyar da ta fi kowace girma a cikin masu zagaya rana. Ba zai isa ba sai watan Yuli 2031. Da yake ba shi da man da zai miƙe kai tsaye, sai yana ratsawa kusa da wata da duniyarmu da Zahra, yana aron ƙarfin jansu don ƙara gudu, kamar mai majajjawa da ke juya dutse kafin ya saki. Abin da zai je dubawa shi ne watanni uku na Mushtari, Ganymede da Callisto da Europa, waɗanda masana ke da hujjar cewa akwai tekuna na ruwa a ƙarƙashin ƙanƙarar da ta rufe su. 'Yan kwanaki bayan tashinsa wata eriya mai tsawon mita 16 ta maƙale ta ƙi buɗewa. Injiniyoyi suka yi makonni suna juya kumbon ga rana don ya ɗumama, suna girgiza shi daga nesa, har ta saki. Mai haƙuri, in ji magabata, shi ke dafa dutse.

Kada mai karatu ya zaci mun zo yi wa Turai kirari ne. Adashin nasu yana da nasa ciwon, kuma ciwon ya fito fili kwanan nan. Ƙa'idar nan ta mayar wa kowa zubinsa tana sa a rarraba aiki bisa siyasa, ko da hakan ya ƙara tsada da jinkiri. Ariane 6 ƙasashe 13 ne suka haɗa ta: babban jikinta a Faransa, hawan sama a Bremen ta Jamus, wani ɓangare na rokokin gefe a Italiya, sa'annan a loda a jirgin ruwa a haye Atlantika. An tsara za ta tashi a 2020, ba ta tashi ba sai 2024. A wannan tsakani kamfanin SpaceX na Amurka ya riga ya ƙware wajen dawo da rokarsa ƙasa ya sake amfani da ita, abin da Ariane 6 ba ta yi. Sai matsaloli suka haɗu lokaci guda. Yaƙin Yukren ya sa Rasha ta janye rokokinta na Soyuz daga Kourou a 2022. Ƙaramar rokar Vega-C ta faɗi a watan Disamba na shekarar, ta zauna kusan shekara biyu ba ta tashi ba. Ariane 5 ta yi tashin ƙarshe ranar 5 ga Yuli 2023. Nahiyar da ta kafa hukuma musamman don kada ta sake roƙon abin hawa, sai ga ta tana biyan SpaceX ya ɗaga mata madubin Euclid da kumbon Hera da wasu taurarin Galileo. A 2024 rokokin Falcon sun tashi fiye da sau 130, na Turai sau 3. Wanda ya yi shekara 50 yana gini ma, in ya yi gyangyaɗi, sai ya farka a ƙofar maƙwabci.

To, mu dawo ga masu cewa ana yunwa ana ƙona kuɗi. Maganarsu tana da nauyi, bai kamata a yi mata dariya ba. Sai dai kaso mai tsoka na wannan kuɗi ƙasa yake kallo. A ƙarƙashin shirin Copernicus na Tarayyar Turai akwai taurarin Sentinel. Na biyu a jerin suna ɗaukar hoton kowane yanki duk bayan kwana 5, da kaifin da zai bambance fili mai faɗin mita 10. Na farko kuwa da rada suke gani, ba ruwansu da gajimare ko duhun dare, abin da ya sa suka fi amfani a lokacin ambaliya, sa'ad da sama ke rufe. Hotunan kyauta ne ga duk mai intanet. Da irinsu ake ganin yadda haƙar zinariya ta galamse ta mayar da kogunan Pra da Ankobra ruwan kunu. Da irinsu ake auna inda ruwa ya kai idan an buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso ya gangaro gonakin arewacin Gana, ko sa'ad da Logon da Shari suka cika suka shiga unguwannin Njamena da Kuseri, kamar yadda aka gani a 2022. Tafkin Cadi ma, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin farin 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa, awon taurari ne ya nuna cewa ba ƙafewa yake yi kai tsaye ba, yana ja yana dawowa gwargwadon damina. Wannan sani ya shafi masunci da manomi da makiyayi. Sabon Meteosat kuma yana ɗauke da na'urar ganin walƙiya, irinta ta farko a saman Afirka, wadda za ta iya ba da gargaɗin guguwa ga mai kwalekwale a tafkin Volta.

Amma a nan ne damuwarmu take. Duk wannan alheri, baƙi muke a cikinsa. Ba mu zuba ba, ba mu da kujera a inda ake yanke shawarar abin da tauraro na gaba zai duba, kuma abin da aka ba ka kyauta ana iya janye shi ba tare da sallama ba. Mun ga misali a farkon 2025, sa'ad da sauyin siyasa a Amurka ya sa aka rufe shafin FEWS NET, tsarin gargaɗin yunwa da aka kafa tun bayan farin shekarun 1980, ya yi watanni a rufe kafin ya dawo. Ba wanda ya tambayi manomin Sahel ra'ayinsa. Turai ba ta yi mana haka ba, amma ita kanta ta koya daga Symphonie cewa kyakkyawar niyyar aboki ba ta zama madogara. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba a ce Afirka ba ta motsa ba. Najeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003. Ɗaliban jami'ar All Nations da ke Koforidua sun ƙera GhanaSat-1, ɗan ƙaramin tauraro mai nauyin kusan kilo ɗaya, tare da taimakon wata cibiyar Japan, aka sake shi daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a watan Yuli 2017. A shekarar kuma aka mayar da tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 da ke Kuntunse ya zama na'urar sauraron taurari. Sudan ta sami nata tauraron a 2019, daga ƙasar Sin aka harba shi. Duk abin alfahari ne. Sai dai in an duba da kyau, kowa tukunyarsa yake dafawa, kuma sau da yawa tauraron kan zama abin yanke ƙyalle da jawabi, in ya mutu ba magaji. An taɓa gwada haɗin gwiwa: ƙungiyar RASCOM, da ƙasashen Afirka fiye da 40 suka kafa a 1992 don mallakar tauraron sadarwa na bai ɗaya, sai da ta yi shekara 15 kafin tauraronta ya tashi a 2007, domin tara kuɗin ya zama jan aiki. Yanzu ga sabuwar dama: a watan Afrilu 2025 aka buɗe Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka a Alƙahira, ƙarƙashin Tarayyar Afirka.

Ra'ayinmu game da wannan hukuma a fili yake. Gini da tambari ba su ne adashi ba. Adashi zubi ne a kan lokaci. In ƙasashenmu za su riƙa yi mata yadda suka saba yi wa ƙungiyoyin nahiya, a sa hannu a taro a koma gida a manta da biya, a bar masu ba da agaji su ɗauki nauyi, to za ta zama ofishi mai kyau da ke jiran abin da baƙo zai kawo. Dole zubin ya kasance gwargwadon ƙarfin kowa, a rubuce a kasafin kowace shekara. Dole kuma a ari ƙa'idar ɗauka daga Turai, tare da lura da illarta: Cadi ko Togo ba za su daɗe suna zubawa ba in duk aikin yana ƙarewa a Masar da Afirka ta Kudu da Najeriya. A ba wannan tashar karɓar bayanai, a ba wancan cibiyar horo, amma kowane aiki ya kasance da uwar adashi guda da za a kama in ya lalace, kada a maimaita rigar Europa mai teloli huɗu.

Muna kuma ganin kada a fara da roka. Wani zai ce: ba yanzu kuka gama nuna cewa marar roka maroƙi ne ba? Haka ne, amma zamani ya canja. A 1974 ƙofa biyu ce kawai, ta Amurka da ta Tarayyar Sobiyet. Yau masu sayar da gurbin harbi suna da yawa, daga Amurka da Turai har Sin da Indiya da Japan, in wannan ya ƙi wancan zai karɓa. Abin da ba a saye a kasuwa shi ne mutumin da zai dubi hoton tauraro ya gane bambancin gonar gero da ta dawa, ya san cewa shuka a nan gauraye ake yin ta a ƙananan filaye, ya fassara launin hoto ya zama shawara ga mai garma. Cibiyoyi irin su AGRHYMET da ACMAD a Yamai sun daɗe suna wannan aiki, su ya kamata a fara ƙarfafawa, sa'annan a haɗa kuɗi a ƙera taurarin duba ƙasa na bai ɗaya da aka tsara bisa bukatunmu. Roka za ta zo a lokacinta, kuma wurin harba ta yana nan: daga gaɓar Malindi ta Kenya Italiya ta yi ta harba taurari tsakanin 1967 da 1988. Sannu ba ta hana zuwa.

Saura namu kason, mu Hausawan da ke zaune a wajen ƙasar Hausa. Ba mu da rinjaye a majalisun ƙasashen da muke ciki, amma muna da abu biyu da wannan aiki ke bukata. Na farko, rayuwarmu ta riga ta tsallake iyakoki, kamar yadda hadari da fara da ambaliya ba sa nuna fasfo. Ɗan kasuwar shanu a Kumasi ya san halin da kiwo ke ciki a Dori, mai sayar da albasa a Duwala kunnensa na Marwa. Na biyu, muna da harshen da ake ciniki da shi daga Akra har Gadarif. Gargaɗin da ya tsaya a takardar Turanci ko Faransanci a ofishin babban birni bai ceci kowa ba. Sai ya shiga rediyon unguwa da saƙon murya na waya, cikin harshen da mai gona ke ji, kafin ya zama gargaɗi. Wannan aikin namu ne, ba wanda zai zo daga Paris ya yi mana shi. Kakanninmu sun san fitowar Kaza da 'Ya'yanta, sun san Zara matar wata da Gamzaki, da su suke lissafin shuka da tafiyar dare a fatauci. Harshen da ya raɗa wa waɗannan suna ba zai gaza samar da kalmomin falaki da rada da awon danshin ƙasa ba, in masu shi sun zauna sun yi.

Kuma akwai 'ya'yanmu. A zangonni da yawa har yanzu yaron da ya iya lissafi akan ja shi shago tun bai gama sakandare ba, yarinyar da ke son kimiyya a ce mata ta yi abin da ya fi sauƙi. Waɗanda suka ƙera GhanaSat-1 ba daga wata duniya suka faɗo ba, ajin lissafi suka zauna kamar kowa. Yau ɗalibi mai kwamfuta da intanet zai iya buɗe hotunan Sentinel ya ga unguwarsu daga sama, ya gwada hoton bana da na shekara biyar baya, ya nuna wa shugabannin unguwa inda aka toshe hanyar ruwa da gini. Ƙungiyoyinmu na zango da ke tara kuɗin biki da na jana'iza, me zai hana su ware zubi ɗaya don kuɗin makarantar yaro ko yarinya guda da ke karatun lissafi ko kimiyyar yanayi, su riƙe shi har ya gama?

A watan Yuli 2031, in komai ya tafi daidai, JUICE zai isa Mushtari, za a yi tafi a ɗakin sarrafawa da ke Darmstadt ta Jamus, hotuna su zagaya wayoyinmu. Yaron da ke ajin farko na ƙaramar sakandare a Nima ko Birikitari a yau, a lokacin yana bakin shiga jami'a. Ko zai tsaya cikin masu sakin baki da masu jan tsaki, ko kuwa zai kasance cikin masu fahimtar abin da suke gani har su yi wa mutanensu bayani da harshensu, wannan ya danganta da zubin da muka fara yi masa tun bana.